Amsoshin Wasiƙunku: Hoton Zuciya Da Na'urar Mayen Ƙarfe

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayoyin da ke cikinta suna da yawa, kuma amsarsu ta shafi mutane da dama, ba mai wasiƙar kaɗai ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi mai ɗan taɓa cinikin hatsi da rani, ya kuma roƙe mu kada mu faɗi sunansa ko garinsu. Bayan gaisuwa, ya ce tun bara numfashi ke gagararsa, kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya a gona sai ya tsaya ya huta, da yamma kuma ƙafafunsa su kumbura. Ya je asibiti, an manna masa wayoyi a ƙirji an auna bugun zuciyarsa, an yi masa hoton da ake kira eko, an ɗora shi a kan magani. Daga baya likita ya rubuta masa takarda ya tafi birni a yi masa wani hoton zuciya mai haruffa uku, MRI.

Ga abin da ke damunsa. Na farko, ya ji ana cewa na'urar tana ƙone jini, tana rage kwana, har tana kashe ƙarfin namiji. Na biyu, an ce masa ana tura mutum ne cikin wani rami kamar kabari. Na uku, yana da ƙwayar harsashi a kafaɗa tun zamanin da yake farauta, sama da shekara 20 ke nan, yana kuma da guru wanda bai taɓa kwancewa ba. Ya ji an ce masu ƙarfe a jiki ana koro su, saboda haka yana shawarar ya yi shiru da bakinsa, kada ya yi asarar kuɗin mota. Na huɗu, kuɗin hoton ba zai haɗu ba sai ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, ga damina na tafe. Ya sayar ko ya bari?

To Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Za mu fara da tambayarka ta uku, domin ita ce wadda rai ke ciki. Kada ka yi shiru. Mun sake faɗa maka, kada ka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita wannan na'ura ba ta cutar da wanda ya faɗi gaskiyar abin da ke jikinsa. Wanda ya ɓoye shi ne ke shiga hatsari. In ka ji yadda take aiki, kai da kanka za ka gane dalili.

Ka san mayen ƙarfen nan da ke bayan lasifikar rediyo, wanda yara ke tsintar ƙusa da allura da shi? Masu boko na ce masa maganaɗisu. To wannan na'ura wani ƙaton mayen ƙarfe ne da aka ƙera shi kamar bututu, mai faɗin da mutum zai kwanta a ciki. Ƙarfin wadda aka fi amfani da ita ya ninka maganaɗisun ƙasa, wato wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 30,000. Jikin ɗan Adam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. A cikin ruwan nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana kiransu haidirojin. In ka kwanta cikin na'urar, sai mayen ƙarfen ya sa su jeru su fuskanci waje ɗaya. Sai a aiko musu da igiyar rediyo, 'yar uwar wadda ke kawo maka muryarmu yanzu, ta ɗan zungure su. Da an ɗauke, sai su koma mazauninsu suna fitar da wata 'yar amsa, na'urar ta kama, kwamfuta ta mai da ita hoto.

Ka dai ga mai sayen tukunya a kasuwa, yakan ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, daga amon ya san mai lafiya da mai tsaga. Haka nan. Lafiyayyar tsoka amsarta daban, kitse daban, wurin da ya kumbura daban, wurin da ya mutu ya zama tabo daban. Wannan hikima wani masani ɗan Amurka, Paul Lauterbur, ya fito da ita a 1973, wani ɗan Ingila kuma, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham, ya samo hanyar yin hoton da sauri. A 2003 aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel.

Daga nan ka samu amsar tambayarka ta farko. Babu wuta, babu yanka, babu zuƙe jini. Ko irin hasken da ake hoton ƙashi da shi, wanda likitoci ke taka-tsantsan da yawansa, babu shi a wannan na'ura. Ba ta rage kwana, ba ta taɓa ƙarfin namiji, ba ta hana mace haihuwa. Shekara 40 da ɗoriya ke nan ana aiki da ita a asibitocin duniya. Abin da za ka iya ji a jikinka bai wuce ɗan ɗumi ba.

Amma ƙarfe, wannan wata magana ce. Mayen ƙarfen nan kullum a kunne yake, dare da rana, ko ana hoto ko ba a yi, kuma a yawancin na'urorin ko an ɗauke wuta bai mutu ba. Duk ƙarfen da yake ja, in ya matso kusa, fizge shi yake kamar an harba. A 2001, a jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 6 yana kwance cikin na'urar aka shigo da tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe. Na'urar ta fizge ta, ta bugi kansa, ya rasu. A watan Yuli na 2025, a wannan jihar dai, wani dattijo ɗan shekara 61 ya shiga ɗakin da ake yi wa matarsa hoto da wata ƙatuwar sarƙar ƙarfe a wuya, na'urar ta jawo shi, shi ma ya rasu. Ka lura, shi wannan ba ma shi ne majinyacin ba, ɗan rakiya ne. Saboda haka dokar ta hau kanka, ta hau kan wanda ya rako ka.

To abin da ke iya faruwa a waje, yana iya faruwa a cikin jiki. Ɗan guntun ƙarfe da ya daɗe kwance cikin tsoka na iya motsawa ko ya yi zafi. In a gefen ido yake, ko kusa da laka, ko kusa da babbar jijiyar jini, motsi kaɗan ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Game da harsashinka, Malam, in darma ce zalla, mayen ƙarfe ba ya jan darma. Amma kai ma ka san abin da mafarauta ke ɗura wa bindigar toka: guntayen ƙarfe, ƙusoshi, ƙwallayen bori na keke. Wa zai rantse a kan abin da ke kafaɗarka? Kafaɗa kuwa maƙwabciyar ƙirji ce. Abin da za a yi shi ne a ɗauki hoton ƙashi na wurin, a ga girman abin da inda ya kwanta, sannan likitan hoto ya yanke hukunci. Mutane da dama masu irin wannan ana yi musu hoton lafiya lau bayan an duba. In kuwa aka ga akwai hatsari, akwai wasu hanyoyin duba zuciya da za a bi.

Maganin asarar kuɗin mota kuma mai sauƙi ne. Tun kana gida, ka koma wurin likitan da ya rubuta maka takardar ka gaya masa, a yi hoton kafaɗar a nan kusa, a yi waya da masu na'urar kafin ka hau mota.

Bari mu lissafa wa sauran jama'a abubuwan da tilas a faɗa. Wanda aka sa wa batirin zuciya. Yawancin na zamani ana iya shiga da su, amma sai an san irinsa an kuma saita shi tukuna, saboda haka ka zo da katinsa. Wanda aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa aka maƙale jijiya da ƙarfe. Wanda aka dasa wa na'urar ji a cikin kunne. Wanda aka ɗora wa karaya da ƙarfe, ko aka sa masa ƙofar zuciya ta roba ko ta ƙarfe, ko aka buɗe masa jijiya da 'yar raga. Waɗannan galibi ba sa hana hoto, amma a faɗa. Wanda aka taɓa harbi. Sai maƙera, da masu walda, da masu wasa wuƙa, da masu gyaran injin niƙa: in tartsatsin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido, ko shekara 30 ke nan, ka faɗa, a yi hoton idon kafin a shigar da kai. Haƙorin Makka, in zinariya ce, ba ya hanawa, amma ka nuna shi. Haƙoran da ake cirewa kuma a cire.

Zancen guru da laya da kambu kuwa, babu mai tambayarka dalilin ɗaura su, ba kuma wanda zai buɗe maka. Sai dai abu ne ɗinke cikin fata, ba wanda ya san ko da ƙarfe a ciki, wani lokaci har mai shi bai sani ba. Ka kwance, ka ba ɗan rakiyarka ya riƙe maka a waje, in ka fito ka mai da abinka. Haka zobe, agogo, makulli, wuƙa, tsabar kuɗi, wayar hannu da katin banki, wanda na'urar kan lalata. Mata a cire 'yan kunne, sarƙa, warwaro, fil ɗin ɗankwali da na gashi, a kuma bar kwalli a gida ran nan.

Yanzu sai tambayarka ta biyu, ta kabari. A'a Malam, ba kabari ba ne. Bututu ne mai buɗe ta kai da ta ƙafa, da fitila a ciki, iska na kaɗawa. Faɗinsa santimita 60 zuwa 70 ne, saboda haka gaskiya akwai ɗan ƙunci. Za a ba ka rigar asibiti ka sa, ka kwanta rigingine a kan gado mai tafiya. Za a manna maka 'yan wayoyi a ƙirji don na'urar ta riƙa bin bugun zuciyarka, in da gashi a wurin a ɗan aske. A ɗora maka wani faifai mara nauyi a kan ƙirji, shi ke kama amsar nan da muka ce. A toshe maka kunne, domin tana da ƙara ƙwarai, kamar kana zaune kusa da injin niƙa. Ƙarar aikinta ce, ba lalacewa ta yi ba. A ba ka wata 'yar roba a hannu, da ka matsa ta ƙararrawa za ta buga, a tsaya a fito da kai. Ma'aikaci na kallonka ta gilashi, yana jinka, kana jinsa. Aikin yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, wani lokaci har awa ɗaya da rabi. Wanda tsoron ƙunci ya yi masa yawa ya faɗa tun da wuri, akan ba da maganin kwantar da hankali, sai dai ran nan ba ya tuƙa mota ko babur.

Akwai aikin da kai za ka yi. Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, numfashi kuma na ɗaga ta yana sauke ta. Saboda haka za a riƙa ce maka ka riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau da yawa. In ka yi motsi hoton ya dagule, kuɗinka ya tafi a banza. Ka fara gwadawa a gida: ka kwanta rigingine, ka shaƙa, ka fitar, ka riƙe, ɗanka ya ƙirga maka goma. Tun da numfashi ne ciwonka, in ka ga ba ka iya kwanciya miƙe ko ba ka iya riƙewa, ka faɗa kafin ranar. Akwai dabarun da sukan bi, ko a fara rage maka ruwan jiki da magani. In kuma ba ka jin Turanci, kafin a tura gadon ka ce a yi maka umarnin da Hausa, ku gwada sau ɗaya da ma'aikacin. Ba abin kunya ba ne, kuɗinka ka biya.

Sau da yawa ana cikin hoton akan yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiyar hannu, sunansa gadoliniyam. Shi ke shiga cikin tabo ya daɗe bai fita ba, sai wurin ya yi fari a hoto. Za ka ɗan ji sanyi a hannu, fitsari kuma ya fitar da yawancinsa cikin kwana ɗaya. Tun da ƙoda ce ke tace shi, akan yi gwajin jini a ga lafiyarta tukuna. Mai ciwon ƙoda, musamman wanda ake wa wankin ƙoda, ya faɗa. Wanda wata allura ta taɓa tayar masa da borin jini ko ta toshe masa numfashi, ya faɗa.

Wani lokacin kuma likita na son ya ga yadda jini ke ratsa tsokar zuciya in tana aikin ƙarfi. Sai a yi wata allurar da za ta sa ka ji kamar ka yi gudu na 'yan mintoci, ƙirji ya yi nauyi, fuska ta yi ɗumi, da an tsayar ya wuce. Mai ciwon asma ya faɗa kafin a yi masa. To ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Takardar asibiti za ta ce kada a sha kofi ko shayi tun daga jiya. Ba za ta ambaci goro ba. Alhali sinadarin nan da ke hana barci a cikin kofi, shi ne a cikin goro, kuma yana kashe aikin allurar, hoto ya nuna lafiya inda babu lafiya. In irin wannan gwajin za a yi maka, ka yi awa 24 ba goro, ba shayi, ba kofi, ba lemon kwalba baƙi, ba lemon ƙara kuzari. In ka manta ka ɓantara, ka faɗa, gara a ɗaga ranar. Magungunanka na kullum kuwa ka ci gaba da sha, sai wanda likita ya ce ka dakatar.

Iyayenmu mata, ga naku. Akwai raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa a ƙasarmu tun shekarun 1970. Hoton eko ne kan gano shi, amma wata akan tura ta wannan hoton. Mai ciki, ko mai zaton tana da shi ko da na wata ɗaya ne, ta faɗa, domin ba a cika yi wa mai ciki allurar ruwan nan ba. Mai shayarwa kuwa tana iya ci gaba da ba ɗanta nono bayan allurar. Wadda ke son mace ta manna mata wayoyin ƙirji ta nemi haka.

Saura zancen sa. Kafin mu ce komai, ka san abin da kuɗinka zai saya. Zuciyarka ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya, wato wajen duro 36 kullum. Hoton nan na nuna ta tana motsi, ya auna daidai yawan jinin da take turawa. Lafiyayya kan tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. Babban abin da ya fi eko da shi kuwa shi ne yana ganin cikin tsokar kanta. Kai manomi ne, ka san bambancin gonar da ƙishirwa ta kama da fako. Duka biyun ba su ba da amfani bana ba, amma ɗaya in ta samu ruwa za ta farfaɗo, ɗayar kuwa ko ka zuba mata kogi asara ce. Haka tsokar zuciya: wata ta galabaita ne don jini bai ishe ta ba, wata ta riga ta zama tabo. Sanin wannan na taimakon likita ya gane ko aikin buɗe jijiya zai amfane ka, ko magani ya wadatar. Yanayin tabon kuma kan nuna tushen ciwon, toshewar jijiya ce, ko kumburin tsoka, ko ciwon gado. Har ila yau yana auna sinadarin ƙarfen jini da kan taru a zuciyar wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa.

Amma fa hoto ba magani ba ne. Yadda ka shiga da ciwonka haka za ka fito da shi, ilimi kawai aka ƙaru da shi. Saboda haka kafin ka ja sa zuwa kara, ka zauna da likitanka ka yi masa tambaya huɗu. Me wannan hoton zai nuna wanda eko bai nuna ba? In ya fito, zai canja maganin da ake mini, ko aikin da za a yi mini? Na gaggawa ne, ko zai iya jiran kaka? Ina ne ake yin na zuciya musamman, kuma wa zai karanta shi? Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau, domin ba duk inda ke da na'urar ne ke yin hoton zuciya ba. Na kai da na gadon baya sun fi yawa. Ka kuma tambayi kuɗin duka a dunƙule, da allura, da gwajin ƙoda, da rubuta sakamako, ka haɗa da kuɗin mota da masauki.

In likita ya ce sakamakon ne zai raba gardama kan maganinka, kuma jira na da hatsari, to Malam, sa ana sake saye, mai sa ba a sake shi. In kuwa ya ce maganin da kake sha ba zai canja ba ko me hoton ya nuna, ko ya ce zai iya jira ka girbe, ka faɗa masa halin da kake ciki ba kunya, ku tsara tare. Abin da ba mu so shi ne ka ƙarar da komai a kan hoto, ka dawo ba kuɗin magani, domin maganin zuciya ba a yi masa fashi.

Kafin ranar ta zo, ka rage gishiri da kanwa da ɗanɗanon miya, ka bar aikin ƙarfi ga yara. In ƙirji ya danne ka da nauyi ka haɗa gumi, ko numfashi ya gagare ka kana zaune, ko ka suma, kada ka ce kana jiran ranar hoto, a kai ka asibiti mafi kusa nan take. Ran tafiya ka ɗauki duk takardunka, da sakamakon eko, da kwalayen magungunanka har da na gargajiya. Sakamako ba lalle ya fito ran nan ba. In ya fito ka kai wa likitan da ya aike ka, shi zai fassara maka.

To Malam, ka ji amsarka. Ka faɗi harsashin, ka kwance gurun, ka ajiye goron, ka yi tambayoyin nan huɗu kafin ka taɓa sanka. Ka kuma sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya. Jama'a, a nan za mu dasa aya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Marasa lafiya na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.